Na kai autana gwajin gubar dalma a asibitin gwamnati, ga abin da idona ya gani

Tun watan jiya nake son rubuta wannan abin amma hidimar gida da makaranta ba su bar ni ba, yau dai na ce ko me za a yi sai na zauna na faɗi ra'ayina a kan sashen gwajin gubar dalma na asibitin gwamnati da ke garin da nake aure a nan Zamfara. Ba zan kama sunan asibitin ba, don akwai abin yabo akwai na tsiya, kuma ba na son a je a tsare wata baiwar Allah da tambayoyi saboda ni. Sau huɗu na taka ƙafata can, don haka gani ne ba ji ba.

Abin da ya kai ni, autana mai shekara biyu da wata huɗu ne ya canja min gaba ɗaya. Yaron da da in ya ga kwanon tuwo sai an riƙe shi, ya koma sai na bi shi da cokali ina lallashi, ga kuka ba dalili, ga riƙe ciki, kashi sai ya kwana uku bai yi ba, tafin hannunsa fari fat kamar an wanke da omo. Na kai shi kemis aka ce maleriya, aka ba mu magani, muka sha, shiru. Aka ce tsutsar ciki, muka sha na tsutsa, shiru. Surukata kuma, Inna, ta ce haƙori ne ko kuma baki ne ya kama shi, ta kawo rubutu da hayaƙi. Ni kuwa zuciyata tuni ta tafi wani wuri da ba na son ta je, domin wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya daka tsalle.

A 2010 ina 'yar shekara goma sha uku a ƙauyenmu cikin ƙaramar hukumar Anka lokacin da yara suka fara mutuwa kamar kaji a lokacin ƙwalara. Wanda bai gani ba ba zai gane ba wlh. Yaro yana wasa da safe, da rana amai, da yamma jijjiga idanu sun kafe, kafin asuba an fita da shi a tabarma. Aka ce sanƙarau ne don lokacin zafi ne, aka ce iska ce, aka ce maleriya ce ta hau kai, su kansu ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka fara lura da abin a watan Maris na shekarar zagayen sa ido kan sanƙarau ne ya kawo su, suka ga sababbin kaburbura ƙanana sun yi yawa, suka ba da maganin maleriya da na sanƙarau bai yi komai ba, sai da aka ɗebi jini aka kai waje aka auna sannan aka gano dalma ce. Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, daga baya Bagega wadda ta fi su duka girma. Yara sama da 400 suka tafi. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida aka ƙirga, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Ƙanena na cikin waɗanda suka tafi, ƙanwata na cikin waɗanda suka tsira, kuma har yau da ta zama budurwa karatu na ba ta wuya, abu kaɗan sai ta manta.

Kuma duk daga ina? Daga turmin da muke daka hatsi. Zinariya ta yi tsada a duniya, mazanmu suka bar gona suka koma rami, suna kawo duwatsu a buhu har cikin gida, mata na fasawa da guduma suna dakawa, ana kai wa injin niƙan da ake niƙa gero, ƙura ta tashi fari sol ta sauka a tsakar gida, a kan randa, a kan shanyar gari, yara na rarrafe a kai suna sa hannu a baki. Dutsen da ke ɗauke da zinariyar nan ashe cike yake da dalma. An auna ƙasar wasu gidaje an samu dalma ta wuce 100,000 a ma'aunin da a Amurka a lokacin 400 ne iyakar abin da aka yarda da shi a wurin wasan yara. Mu muna ganin arziki ya shigo, ana sayen mashin ana yin rufin kwano.

To baban yarana ba ya shiga rami, dillancin kayan yake yi, yana zuwa daba inda ake niƙa da wankewa ya saya ya kai wa manya. Shi a ganinsa tun da ba a niƙa a gida ai shi ke nan. Amma da rigar da ya wuni cikin ƙura yake dawowa, yaro ya ruga ya ɗafe shi, ya zauna da ita a kan tabarma a ci abinci, ga buhunan da ba kowa a ciki yana jibgewa a bayan ɗaki wai za su yi amfani. Na yi magana har na gaji, sai ya ce ke dai tsoro ya yi miki yawa.

Zuwa na farko, ranar Litinin, na isa wajen ƙarfe takwas, na yanki kati, aka nuna min wani ɗaki can ƙarshen baranda kusa da inda ake rigakafi, babu ko allo da aka rubuta a ƙofa, in ba tambaya ka yi ba sai ka wuce shi sau goma. Na zauna har sha ɗaya sannan wani ya leƙo ya ce mai gwajin ta tafi taron bita, a dawo Laraba. Laraba na dawo, tana nan, amma kayan gwajin sun ƙare, wato 'yan tsinkayen nan da ake ɗiga jini a kai a sa cikin na'ura, ta ce an rubuta ana jira daga sama. Na ce Malama to yaushe, ta ce Maman yaro in na ce miki ga rana na yi ƙarya, ba ni lambarki. Na ba ta ba don na yarda za ta kira ba, kun dai san halin. Kuɗin mashin zuwa da dawowa sau biyu ya tafi a banza, ni da ke cikin gari ke nan, ku tuna matar da za ta taso daga ƙauye a wannan hanyar da kowa ya san yadda take yanzu, ta bar gida da fargaba ta zo a ce mata a dawo. Ba za ta dawo ba, kuma ba laifinta ba ne.

Amma fa ta kira. Bayan kwana goma sha biyu ina cikin aji wayata ta yi ƙara, ta ce kaya sun iso ki zo gobe da wuri kafin su ƙare. Wannan kiran kaɗai ya sa na ƙara musu tauraro guda a makin da zan ba su.

Yadda ta yi aikin ya burge ni ƙwarai, kuma nan ne na gane ta san abin da take yi. Kafin ta taɓa yaron sai da ta sa na wanke masa hannu da sabulu a gabanta, na wanke, ta duba ta ce sake, har ƙarƙashin farce. Na ɗan ji haushi na ce Malama ai da wanka muka fito, ta yi dariya ta ce ba ƙazanta nake nufi ba, in akwai ƙurar dalma ko kaɗan a kan yatsa na soka allura ta gauraya da jinin, na'ura za ta ba ni lambar ƙarya in tayar miki da hankali a banza. Ta soki yatsa, ta ɗebi ɗigo a wani siririn bututu, ta haɗa da ruwan magani, ta ɗiga a tsinken, ta sa a wata 'yar na'ura da ba ta fi faranti ba. Minti uku sakamako ya fito. Ta ce na'urar iyakarta 65, in jinin yaro ya wuce haka ba ta ma nuna lamba sai dai ta rubuta cewa ya yi sama, irin waɗannan kuma ba a tsayawa wata-wata, jini ake ɗiba ta jijiya a tura su gaba. Minti ukun nan sun fi min shekara tsawo, ba abin da nake gani sai fuskar ƙanena.

31 ta nuna.

Ban san in yi hamdala ko in yi kuka ba, na ce to a ba mu maganin. Ta ce ba za a ba shi ba. Nan fa na tashi, na ce yaya za a ce yaro na da guba a jini kuma a hana shi magani, ko sai mun biya ne a faɗa min nawa ne, don ni na san maganin, na ga an ba ƙanwata, kafso ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake buɗewa a zuba a ɗan abu mai zaƙi a ɗura wa yaro. Wallahi matar nan ba ta yi fushi ba, ta jawo kujera ta ce zauna Maman yaro. Ta ce maganin da kike faɗa sunansa succimer, aikinsa ya kama dalmar da ke yawo a jini ya fitar da ita ta fitsari, ana shan sa kwana 19, kwana biyar na farko sau uku a rana sauran sau biyu, amma sai lamba ta kai 45 ake fara maganar sa, ƙasa da haka bincike bai nuna yana gyara wa yaro ƙwaƙwalwa ba, ga shi yana iya taɓa hanta yana kuma fitar da wasu sinadaran da jiki ke so. Ta ce 31 ba lafiya ba ce fa kar ki ji na ce ba magani ki saki jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi daga 5 ma a fara neman inda dalmar ke fitowa a toshe, kuma babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa. Maganin ɗanki yana gidanku, ba ya cikin kabad ɗina.

Sai ta shiga yi min tambayoyi kamar 'yar sanda. Me maigida ke yi, ina yake cire kaya, wa ke wanke su, da wane bokiti, ƙasa ce a tsakar gida ko siminti, yaro na cin ƙasa, akwai mai gyaran batirin mota kusa da ku, da wace tukunya kike girki, irin ta maƙera da ake narka tarkace a zuba ce ko ta kamfani, ana sa masa kwalli? Da ta zo kan kwalli na yi shiru, don tun ranar suna Inna ke rambaɗa masa wai yana wanke ido yana kore kambun baka. Ta ce dutsen kwallin nan mai ƙyalli da ake niƙawa, shi kansa dutsen dalma ne, yaro ya murza ido ya sa hannu a baki shi ke nan ta shiga. Ni da na yi NCE, ni da na binne ƙane saboda dalma, ban taɓa haɗa kwalli da wannan ba sai ranar. Kunya ta kama ni.

Ta ba mu maganin ƙarin jini na ruwa, ta ce jikin da ke da ƙarancin jini ya fi zuƙar dalma, haka ma cikin da ba komai, don haka kar a bar shi da yunwa da safe, a ba shi wake, zogale, ƙwai in an samu, nono, ɗan lemo ko gwaiba. Ta ce yaro ƙarami na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai zuƙa, shi ya sa babansa ke yawo garau yana cewa tsoro ne. Ta ce a daina sharar tsakar gida a bushe, a yayyafa ruwa tukuna, ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannun yaro kafin ya ci komai. Ta kalli cikina ta ce in kina da niyyar ƙarin haihuwa ki sani dalma na ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, lokacin ciki ta fito ta ratsa zuwa ga jariri. Duk wannan bayanin ko sisi ba ta karɓa ba, gwajin ma kyauta ne, kuɗin kati kawai na biya a taga, shi ma mai tagar ya so ya ƙara min wani abu a kai wai na fayil, da na ce a ba ni rasit sai maganar ta mutu.

Yanzu ga inda nake da babban ƙorafi, kuma shi ne dalilin rubutun nan gaba ɗaya. Na ce mata to yaushe za ku zo ku duba gidan? Ta sunkuyar da kai ta ce babu abin hawa, babu na'urar auna ƙasa, ita kaɗai ce a sashen kuma ita ke taimakawa a awon ciki. Wato an gaya min gubar na gidana, amma ba wanda zai zo ya nuna min ga ta nan.

Ni kuwa na ga yadda ake yi in ana so a yi. A 2010 ba magani kawai aka kawo mana ba. Mutanen wani kamfani na Amurka mai suna TerraGraphics tare da ma'aikatan muhalli na jiha da samarin garin suka bi gida-gida da wata na'ura kamar bindiga, a ɗora ta a ƙasa ta faɗi yawan dalmar wurin nan take, inda ya yi yawa a kankare saman ƙasar da fartanya a zuba a buhu a kai rami can bayan gari a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, wasu wuraren a yi musu siminti. Sarakuna suka ba da umarni a fitar da niƙa daga cikin gari. Su MSF kuma suka kafe a kan cewa ba za su yi ta ba yaro magani yana komawa cikin ƙurar da ta sa masa ciwon ba, sai an share gari tukuna, don ɗiban ruwa da kwando ne. Shi ya sa Bagega ta yi ta jira har 2013, sai da aka yi ta kururuwa a rediyo da intanet kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin sharar, sannan aka fara yi wa yaran can magani. A lokacin mutane sun zage su a kan wannan tsaurin, ni ma da ina yarinya na ɗauka rashin tausayi ne, yanzu na gane. Mahaifiyarmu ta kwana kusan wata guda da ƙanwata a asibitin Anka, ana ba su abinci, da aka sallame su kuma ba a ce su tafi shi ke nan ba, ana bin su ana sake gwaji don dalmar da ke ƙashi tana sake fitowa jini bayan an gama magani, wasu yaran sai sun yi zagaye da yawa. Akwai matan da aka ɗauka aiki musamman don su shiga gidajen kulle su zauna da mata a kan tabarma su yi bayani. Cikin shekara goma sha ɗaya da wani abu sun gwada yara sama da 8,000, sama da 3,500 sun sha maganin, sannan a farkon 2022 suka miƙa aikin ga gwamnatin jiha suka tattara.

Ba ina cewa ai sai Turawa ba, a'a, yawancin waɗanda suka yi aikin nan da hannunsu 'yan garuruwanmu ne, ita ma Malamar nan daga bakinta na ji a wancan lokacin ta koyi aikin. Ilmin yana nan, mutanen suna nan. Abin da ya tafi shi ne mota da mai da kayan aiki da kuma wanda zai tambaya in ba a yi ba. Kuma haƙar ba ta tsaya ba, an hana a 2019 saboda 'yan bindiga, ba wanda ya daina, an ɗage hanin a ƙarshen 2024, zinariya kuma sai ƙara tsada take. Abin da ya faru da mu ya sake faruwa a jihar Neja a 2015, a ƙaramar hukumar Rafi, yara 28 suka rasu, su ma daga niƙan dutse. Duk wanda ya ce maganar dalma ta wuce bai shiga daba ya ga yara masu tallar abinci suna zaune cikin ƙura ba.

Wani abin da bai yi min ba, gwajin nan ba a haɗa shi da rigakafi ko awon yara ba alhali ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Ranar da na je mata sun fi hamsin a layin rigakafi, da yawa daga ganin su ka san daga yankin haƙa suke, amma mu uku ne kacal a layin gwajin dalma, sauran ba su ma san da ɗakin ba. Da mai kiran suna a rigakafi za ta riƙa tambaya ko da kalma ɗaya ce, maigidanki na aikin zinariya, ta tura su ƙofa ta gaba, da an kama yara da yawa tun ba su kai ga jijjiga ba, domin mugun halin dalma shi ne yawancin yaran da ke ɗauke da ita ba sa nuna komai, sai an sa su makaranta a ga ba sa ɗauka a ce daƙiƙai ne a yi ta dukan su. Ni malamar firamare ce, tun daga ranar nake kallon wasu 'yan ajina da wani ido daban. Amma kuma na san amsar da za a ba ni, in aka turo hamsin tsinken gwajin zai ƙare a yini ɗaya.

Da na koma gida ban yi faɗa ba, katin kawai na ajiye wa babansu a kan tabarma da lambar 31 a rubuce da jan biro, na ce Malama ta ce in kana da tambaya ka je da kanka. Ya je kuwa, ban san me ta gaya masa ba amma ya dawo jikinsa a sanyaye, washegari ya kwashe buhunan nan duka, ya sayo siminti buhu shida aka dabe tsakar gida da bayan ɗaki, yanzu yana da kayan aiki daban da yake barin su can, ya yi wanka a shagon abokinsa kafin ya shigo, takalmin ma a zaure yake tsayawa. Inna ce dai aka sha daga da ita, ta ce su da kwalli aka raine su ga su nan da idonsu garau, na ce Inna ki yi haƙuri likita ce ta hana ba ni ba, ta ce likitar uwar wa ta haifa. Na ɗauke tandun na ɓoye, bayan kwana biyu na ga idon yaro baƙi ƙirin, ashe tana da wani a ƙasan adaka. Sai da ɗanta ya yi mata magana da kansa.

Zuwa na huɗu shi ne na sake gwaji bayan wata ɗaya kamar yadda ta rubuta mana, muka samu 24, ya fara cin abinci, kumatun sun ɗan dawo. Ta ce saukar a hankali take, kar na sa ran ganin sifili nan kusa, mu dawo bayan wata biyu.

In taurari ne, ita Malamar biyar cif na ba ta, da akwai na shida da na ƙara. Sashen kansa biyu da rabi, saboda zirga-zirgar banza da rashin allo a ƙofa da rashin zuwa gida. Wadda duk za ta je, ta fara neman lambar wani a asibitin ta tambaya ko akwai kayan gwaji kafin ta kashe kuɗin mashin, ta tafi da sabulunta don ranar da na je na ƙarshe nasu ya ƙare, ta kuma tafi da duk yaran gidan 'yan ƙasa da shekara biyar ba mai ciwon kaɗai ba. Ni ma kuskuren da na yi ke nan, na bar yayarsa mai shekara huɗu a gida don ita lafiyarta ƙalau, yanzu sunanta na cikin littafin Malama muna jiran a kira mu in tsinke ya iso.